Mu Ba Mu da Teku, Tafki Gare Mu



Nijar ba ta da teku, amma mu nan Madarunfa tafki gare mu, ga kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi.

Kakana a zaurensa yake sauke masu ziyara: tabarma, tuwo da kifi, ba ya karɓar ko dala. Babana ya gina ɗakuna uku, innarmu na suya, mu yara muna ɗibar ruwa. Da kuɗin ɗakunan nan na gama jami'a. Yau biyu sun zama wurin ajiyar gero.

Me ya faru? Baƙo ya zo, ya ɗauki hoto, kafin magariba ya koma Maradi ya kwana. Tun 2006 wurin nan ke cikin jerin jiran UNESCO, to amma takarda ba ta sayen kifi.

'Yan uwana matasa, in kun zo, ku kwana. Ku shiga kwalekwale, ku ci wurin mata masu suya. In gidaje irin namu suka rufe, mai kuɗi zai saye bakin ruwan, ya ja katanga, mu koma leƙe.