Malami ɗaya, takardu biyu
Jawabi ga ƴan makarantun yaƙi da jahilci

Zancen yau a kan malamin lakkwal ne, da yadda ake horar da shi kafin a danƙa masa ɗiyan mutane.

Kowa ya san maƙeri ba ya zama maƙeri dare ɗaya. Yaro yana fara da zuga-zugi, ya daɗe yana kallon hannun ubansa, kana a ba shi masaba. Haka aikin koyarwa yake. Malami yana bukatar abu biyu. Na farko, ya san abin da zai koyar, ko lissafi, ko tarihi, ko harshe. Na biyu, ya san dabarar sa shi cikin kan yaro. Akwai mai sani wanda bai iya bayani ba. Akwai mai daɗin baki wanda saninsa kaɗan ne. Su duka biyu, yaro ne ke cutuwa a hannunsu.

Yadda ake yi a Ostareliya

Ostareliya ƙasa ce mai nisa, teku ya kewaye ta, tsakiyarta hamada ce. Jami'o'inta da yawa sun haɗa abin nan biyu cikin karatu guda. Ɗaya daga cikinsu ita ce jami'ar Monash ta birnin Melbon. Saurayi ko budurwa da ya gama lise sai ya shiga karatu biyu tare. Wani darasin na fanninsa ne, kamar lissafi ko kimiyya. Wani darasin na aikin malanta ne: halin yara, shirya darasi, riƙon aji, gyaran takardun jarrabawa. Ranar da ya gama, takardun digiri biyu yake karɓa, ɗaya ta fanninsa, ɗaya ta malanta.

Ga lissafin. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yakan yi shekara 3 a fanninsa, ya ƙara shekara 2 a koyon malanta, shekara 5 ke nan. Wanda ya haɗa su, galibi cikin shekara 4 yake gamawa. Shekara guda ta ragu, kuɗin ci da na ɗaki na shekara guda sun ragu wa iyaye.

Ba zaman aji kaɗai ba

Dokar ƙasar ta ce ɗalibin nan sai ya yi aƙalla kwana 80 cikin lakkwal ta gaske, gaban yara na gaske. Tsohon malami yana zaune yana kallonsa. In an tashi, ya nuna masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Ta haka ɗalibi ke gane tun da wuri ko zai iya aikin, ko ya nemi wata hanya.

Tun shekarar 2016 kuma an ƙara wata jarrabawa ta karatu da rubutu da lissafi. Wanda bai ci ta ba, ba a ba shi takardar malanta. Ashe abin da ake koyo a makarantar yaƙi da jahilci, shi ne tushen da ake tambayar har ɗan jami'a.

Wahalar da ke ciki

Hanyar tana da nauyi. Ɗalibi yana ɗauke da kaya biyu a kai ɗaya, hutunsa kaɗan ne. Kuma mai takardu biyu yana da ƙofa biyu. In malanta ta yi masa zafi, yana iya barinta ya nemi aiki da ɗaya takardar. Garuruwan nesa su ne suka fi rasa malamai. Don haka, daga 2019, gwamnatin Ostareliya ta fara rage bashin karatu ga malamin da ya yi shekara 4 yana koyarwa can cikin ƙauyuka mafi nisa.

A ƙasar Nijar

An daɗe ana horar da malaman firamare a makarantun horon malamai na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso. Malaman kwaleji da na lise kuwa, babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Yamai ce ke shirya su. An kafa tushen jami'ar nan a 1971, a 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964. A cikinsa ya nemi a koyar da yara da harsunansu na gida. A 1973 aka buɗe lakkwal ta gwaji da Hausa a Damagaram.

Da lakkwal suka yawaita, an ɗauki malaman kwantaragi da yawa, wasu ba su sami cikakken horo ba. A 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawa, da yawa suka kasa. Wannan ya nuna a fili cewa riƙe alli kaɗai ba ya mai da mutum malami.

Abin da ya rage ga iyaye

Iyaye ba su ne ke tsara karatun jami'a ba, amma suna da hannu cikin aikin. Uba ya duba littafin ɗansa da maraice, tun da yanzu ya iya karatu. Uwa ta tambayi ɗiyarta abin da mushe ya koyar yau. Gari ya ba baƙon malami masauki mai kyau da ruwan sha, don ya zauna. Yarinya mai ƙoƙari a bar ta ta ci gaba, don garin da ya haifi malamarsa ba ya jiran wadda za a aiko daga nesa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarawa ya iya aikinsa. Allah ya ba ɗiyan karkara malamai na ƙwarai, ya ba da damina mai albarka. Wassalam.