Jinga Kafin Shuka: Jawabi Ga 'Yan Haɗeja Mazauna Birane



Kowace shekara mukan haɗa kuɗi mu sayi dashen itatuwa da furanni domin ƙawata makarantu da asibitoci da gidajen da muke ginawa a garinmu. Kafin damina ta fita ruwa ya kwashe ƙasar, awaki sun cinye abin da ya rage. Laifin namu ne, domin mukan yi dashe ba tare da mun kewaye shi ba.

Manomin fadama ba ya yin wannan kuskure. A Auyo ko Guri ko Kirikasamma, kafin ya dasa albasa sai ya ɗaga kunyar fangali, kafin ya shuka shinkafa sai ya gyara jinga. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, har ya riƙa bi ta inda ba a zata ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun tuna mana cewa a wannan ƙasa tamu, wanda bai shata wa ruwa hanya ba, ruwa zai shata wa kansa. Abin da ke faruwa ga gona shi ne ke faruwa ga ɗan lambun ƙofar gida.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya kewaye da fangalin, a jera jan bulo, rabinsa a binne. Idan wurin lakar fadama ce, a fara shimfiɗa yashi, domin laka takan kumbura da damina ta tsage da rani, sai ta fasa ginin. Ta biyu, a bar kafar fitar ruwa ta gefen gangare, in ba haka ba fangalin ya zama kududdufi, saiwa ta ruɓe. Ta uku, da faɗuwar damina a dasa shinge mai rai, a kare shi da ƙaya har ya kama. Awaki ba sa cin bini-da-zugu, amma 'ya'yansa guba ne ga yara, don haka a makarantu lalle ya fi dacewa.

Roƙonmu shi ne, daga bana duk reshen da ya kawo gudummawar dashe ya ware kuɗin bulo da na shinge a ciki, a kuma ba maginan gida aikin, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kula da wurin. Gara itace goma da suka rayu da ɗari da aka ɗauki hotonsu ranar dashe kawai.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kare ƙasar Haɗeja daga ambaliya, ya mai da kowa gidansa lafiya.