Ƙanƙarar Gindin Girinland da Daminar Illela

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, ɗalibai, da 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Birnin Ƙonni, barkanku da zuwa.

A tsibirin Girinland, can arewacin Tekun Atilantika, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, kaurinta a tsakiya ya haura mita 3,000. A Antaktika, ƙarshen duniya ta kudu, akwai inda ya wuce mita 4,700. Da ta Girinland za ta narke duka, da teku ya tashi da kimanin mita 7, ta Antaktika kuwa mita 58. Wannan ƙanƙara ba a zaune take ba. Dusarta na zuba a tsakiya shekara da shekaru, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare, nauyin kuma ya riƙa tura ta zuwa bakin teku. A tsakiya 'yan mitoci take yi a shekara, amma a mashigar Jakobshavn ta yammacin Girinland, a 2012, an auna tana wuce mita 40 a rana guda.

Yaya abu mai tauri, wanda ke fashewa in an buga shi da guduma, zai malala? John Glen ya amsa wannan a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ya riƙa ɗora wa guntayen ƙanƙara nauyi a ɗakin sanyi yana auna yadda suke lanƙwashewa sannu a hankali, ya buga sakamakon a 1955. Abin da ya gano shi ne, in ka ninka ƙarfin da ke tura ƙanƙara sau biyu, saurin lanƙwasarta ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau takwas ne: biyu sau biyu sau biyu. Ɗaliban lissafi ku riƙe wannan ukun, domin kusan duk hasashen da ake yi a kwamfuta kan makomar ƙanƙarar duniya a kanta ya dogara.

Ƙarfin turin ya fi yawa a can ƙasa, kusa da dutsen da ƙanƙarar ke kwance a kai. Can ne kuma ta fi ɗumi. A saman tsakiyar Girinland sanyi na kai digiri 30 ƙasa da sifiri, a gabashin Antaktika ya fi 50, amma zafin da ke fitowa daga cikin ƙasa yana taruwa a gindi, kaurin ƙanƙarar ya hana shi fita. Ƙanƙarar da ta kusa narkewa ta fi wadda ke digiri 50 ƙasa da sifiri saurin lanƙwasa kusan sau dubu. Ke nan 'yan mitoci ɗari na ƙasa su ke yin yawancin motsin, duk abin da ke samansu ɗauke da shi kawai suke tafiya. Motsin kansa yana haifar da zafi, zafin ya ƙara laushi, laushin ya ƙara gudu.

Sai batun ƙwayoyin ƙanƙarar, wanda ni a ganina ya fi kowanne ban sha'awa. Kowace ƙwaya a shimfiɗe take ciki, bene a kan bene. Ku tuna fatun awaki da aka jibge a rumfar dillali: in ka danna daga sama ba sa motsi, in ka tura daga gefe sai su zame a kan juna. A ƙanƙarar sama ƙwayoyin na fuskantar ko'ina, wannan ta tokare waccan. Amma bayan dubban shekaru na danniya sai su juya su daidaita, shimfiɗarsu ta kwanta gefe ɗaya, zamewa ta yi sauƙi ninkin ba ninkin. Ƙanƙarar da ke mita 2,000 a ƙasa da wadda ke saman duk ruwa ne daskararre, amma halinsu ya sha bamban.

Ba zato ake yi ba, haƙawa aka yi. A 1966 Amurkawa suka huda ƙanƙarar Girinland a Camp Century har gindi, kusan mita 1,390. A 1981 aka kai gindi a wurin da ake kira Dye 3, a zurfin mita 2,000 da ɗoriya. Da aka riƙa komawa ana auna yadda ramin ke karkacewa, sai aka ga ƙanƙarar da ta zuba a zamanin babban sanyi, fiye da shekaru 11,700 da suka wuce, ta fi ta zamaninmu laushi kusan sau uku. Tana cike da ƙura, ƙwayoyinta ƙanana ne, kuma sun fi daidaita. Mu da muka saba da hazon hunturu za mu so a ce ƙurarmu ce, amma akasarinta daga hamadun tsakiyar Asiya ta fito. Tamu ta Bodele a Chadi yamma take yi, har dajin Amazon. A watan Yulin 2023, tawagar da Farfesa Dorthe Dahl-Jensen ta Jami'ar Kwapanhagan ta jagoranta ta kai mita 2,670 a tsakiyar wani kogin ƙanƙara na arewa maso gabashin Girinland, inda ta tarar da jiƙaƙƙen laka a ƙasa, ƙanƙarar na zamewa a kansa kusan dunƙule guda.

To me ya haɗa manomin gero na Illela da wannan?

A 1988 wani masani Bajamushe, Hartmut Heinrich, ya bayyana cewa a cikin lakar ƙasan Atilantika ta arewa akwai shimfiɗu shida na tsakuwa. Tsakuwa ba ta iyo. Manyan ɓantalan ƙanƙara ne suka ɗauko ta, akasari daga mashigar Hudson ta Kanada, suka zubar da suka narke. A 1993 Douglas MacAyeal na Jami'ar Shikago ya kawo bayani: muddin gindin ƙanƙarar na manne da ƙasa sai ta yi ta kauri, kaurin ya tsare zafi, ran da gindin ya narke sai ta kwararo teku gaba ɗaya. Wasu masanan na ganin ɗumamar teku ce ke fara kunna abin. Ko ta wace hanya, ruwan daɗi mai yawa ya shiga tekun gishiri, ya raunana igiyar ruwan tekun da ke kai ɗumi arewa. In arewacin Atilantika ya yi sanyi, layin gizagizan damina sai ya ja baya zuwa kudu, mu kuwa a bakin iyakarsa ta arewa muke. A 2008 Stefan Mulitza da abokansa na Jami'ar Bremen suka nazarci lakar teku daura da gaɓar Sanigal, suka ga lokutan nan sun zo daidai da fari mai ɗaukar ɗaruruwan shekaru a Sahel. Na baya-bayan nan ya faru kimanin shekaru 16,000 da suka wuce.

Alamun irin waɗannan zamunna na bushewa suna ƙarƙashin gonakinmu. A. T. Grove ya yi rubutu a 1958 kan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa, Sombroek da Zonneveld kuma a 1971 suka zana na kwarin Rima da Sakkwato. Jigawar da muke shuka gero da wake a kai, iska ce ta tara ta a lokacin da babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Dattawan da ke zauren nan sun ga farin 1973 da na 1984, sun san abin da 'yan shekaru kaɗan suka yi wa garke da rumbu.

A 2017 Dimitri Defrance da wasu masana a Faransa suka gwada a kwamfuta abin da zai faru in Girinland ta yi saurin narkewa a wannan ƙarni. Sakamakon ya nuna raguwar damina sosai a Afirka ta Yamma, ƙasar noman gero da dawa ta tsuke, miliyoyin mutane su rasa madogara. Gwajin mafi munin hali ne, ba duba ba, kuma faruwarsa ta rataya a kan saurin da ƙanƙarar za ta isa teku. Nan ne lambar Glen, wato ukun nan, ta sake shigowa. A 2022 Joanna Millstein da Brent Minchew na cibiyar MIT a Amurka, tare da Samuel Pegler, suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na Antaktika, suka samu cewa lambar ta fi kusa da huɗu. In haka ne, ninka turi sau biyu na kawo gudu sau goma sha shida, ba takwas ba, kuma hasashe da yawa na buƙatar a sake lissafa su.

Ina da roƙo ga shugabannin makarantun Illela da Ƙonni. Masu wannan lissafi na gwada ingancinsa ne da ruwan da aka auna a ƙasa, tashoshin awo kuwa sun yi ƙaranci a yankinmu. Kowace sakandare ta kafa ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da bishiya da rufi, ɗalibai su riƙa karantawa kowace safiya a lokaci ɗaya suna rubutawa, a aika kwafi sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ƙarshen kowace damina.