Ɗanmu Ya Gama Jami'a, To, Ina Aikin?

Maganar da ta tara mu yau ta 'ya'yanmu ce da ke jami'a, musamman waɗanda ke karatun Hausa, da Larabci, da Turanci, da Faransanci, da Tarihi, da ilmin addini, da makamantansu.

Kowa a nan ya san yadda talaka ke kai ɗansa jami'a. Wani akuya ya sayar, wani buhun gero, wata kuwa adashinta ta kwasa. Yaro ya yi shekara huɗu, ya tafi bautar ƙasa ya yi shekara guda, sa'an nan ya komo gida da takarda a hannu. In ya je neman aiki, tambayar da za a fara yi masa ita ce, “A ina ka taɓa aiki?” Shi kuwa bai taɓa ba, domin babu wanda ya taɓa buɗe masa ƙofa.

To, bari mu faɗi inda gizo ke saƙar. A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ITF, wadda hedkwatarta ke Jos, don horar da ma'aikata. A 1973 hukumar nan ta fito da shirin da ake kira SIWES, watau a tura ɗalibi masana'anta ko ofis ya koyi sanin makamar aiki tun bai gama karatu ba. Ɗan jami'a kan yi wata shida, ɗan kwalejin fasaha wata huɗu. Shiri ne mai kyau, ba mu kushe shi ba. Amma fa an gina shi ne domin masu karatun injiniya, da kimiyya, da aikin gona, da ire-irensu. Mafi yawan masu karatun harsuna da tarihi ba su ciki. Ko waɗanda ke ciki ma, an yi shekaru ana biyansu alawus na Naira 2,500 a wata, abin da ba ya isa kuɗin mota na mako guda tun da aka janye tallafin mai a 2023.

Ɗan mai hali bai damu da wannan ba. Ubansa zai ɗaga waya, gobe a ba shi kujera a ofis ya zauna hutun ƙarshen shekara, ya fito da takardar shaida. Ɗan talaka kuwa sai ya koma gona ko tashar mota. Ran da aka zo ɗaukar aiki, a ce wancan ya ƙware, wannan bai ƙware ba. Jama'a, wannan ba gasa ba ce, rabo ne aka riga aka yi tun a ɗaka.

Har wa yau ga wata sabuwa. A 2024 aka sa hannu a kan dokar ba ɗalibai rance, kuma ƙa'idarta ita ce a fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Watau yanzu ɗan talaka na iya fitowa da digiri a hannun dama, bashi a hannun hagu. Wanda ya ba yaro bashi don ya yi karatu, lalle ya wajaba ya nuna masa hanyar aikin da zai biya.

Akwai masu cewa laifin yaran ne, don me suka karanta abin da ba ya kawo abinci? Mu ba mu yarda ba. Ku dubi Alhaji Abubakar Imam. Malamin makaranta ne a Katsina sa'ad da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1936 aka kai shi Zariya, ya yi wajen wata shida yana aiki tare da Dokta East a ofishin talifi, yana rubutu ana dubawa ana gyarawa, har aka sami Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Baiwa tasa ce daga Allah, amma makamar aikin a gaban tebur ya koye ta, kusa da wanda ya riga shi sani. Abin da muke nema wa 'ya'yanmu ke nan, ba wani abu ba.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa fahimtar wannan. A Kantin Kwari, ko Kurmi, ko Dawanau, wa ya taɓa buɗe shago ran da ya fara shiga kasuwa? Sai ya yi yaron shago tukuna, ya san yadi, ya san mudu, ya san mai biyan bashi da mai gudu, kana ubangidansa ya sallame shi da jari. Tela haka, maƙeri haka. Da koyo akan iya. In kasuwa ta san wannan tun zamanin fatake, yaya za a ce jami'a ba ta sani ba?

Saboda haka jam'iyyarmu tana neman abu uku daga hukuma.

Na farko, a sa masu karatun harsuna, da tarihi, da addini cikin shirin sanin makamar aiki, ya zama wani yanki ne na karatunsu, da maki a kansa. Wuraren koyo ba su yi ƙaranci ba. Ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna, ga Gidan Makama a Kano, ga gidajen rediyo da talabijin, da maɗaba'u, da masu shirya fim. Ga kotuna da asibitoci inda kullum talaka ke rasa tafinta.

Na biyu, a biya alawus wanda zai isa kuɗin mota da abinci, a kuma biya shi a kan kari. Koyon aiki na kyauta ɗan mai kuɗi kaɗai ke iya shi, domin mai jin yunwa ba ya wata shida yana aiki babu ko kwabo.

Na uku, a liƙa guraben a allo kowa ya gani, a ɗauka bisa cancanta, ba bisa wasiƙar wani babba ba. Malami kuma ya riƙa zagayawa, kada a mai da yaro ɗan aiken sayen abinci.

Amma kada mu naɗe hannu muna jiran Gwamnati. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alhaji, kana sayo kaya daga Dubai ko Masar, ga ɗan maƙwabcinka na karanta Larabci. Hajiya, masu sayen atamfarki daga Maraɗi da Njamena suke zuwa, ga yarinya a layinku na karanta Faransanci. Ku ɗauke su lokacin dogon hutu. Su rubuta muku wasiƙa, su tsara littafin bashi, su yi muku talla a Facebook da WhatsApp. Ku ba su na mota da na abinci, in sun gama ku ba su takarda mai hatimin ƙungiyar kasuwa, a rubuta abin da suka yi da tsawon kwanakin da suka yi. Muna roƙon kowane reshen jam'iyya ya buɗe littafi, shafi guda na sunayen ɗalibai, shafi guda na masu shagon da suka yarda.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, ku saurara. Kada ku jira sansanin bautar ƙasa. Gaskiya ne tun 2012 ana koyar da sana'a a can, amma zaman sansani mako uku ne, mako uku kuwa ba ya mai da mutum gwani. Ku fara tun kuna aji biyu. Ku koyi kwamfuta, ku iya buga Hausa da ƙugiyarta daidai, ku gwada fassara, ku iya rubuta wasiƙar ofis da rahoton taro. Duk aikin da kuka yi ku ajiye kwafinsa, domin mai ɗaukar aiki ya fi gaskata abin da ya gani da idonsa. Kuma ku ajiye girman kai. Zama a shagon mai goro ba ya rage digiri, ƙara masa nauyi yake yi.

Jama'a, in masu neman ƙuri'a sun zo, kada ku tsaya a kan atamfa da sabulu. Ku tambaye su, gurabe nawa suka buɗe wa 'ya'yan talakawa, kuma a wane allo aka liƙa su. Shugabannin rassa kuwa, muna son littafin nan ya zama a buɗe kafin dogon hutu mai zuwa.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su abin yi na halal. Amin.