Jawabi a Kan Funtuwa, Tashar da Ba Ta da Ruwa, da Hakkin da Ya Rataya a Wuyan Ma'aikaci

 Abin da jawabin nan ya nufa shi ne ya tuna wa jama'a yadda ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta sami ƙofa zuwa bakin teku, alhali kuwa tsakaninta da teku akwai tafiyar fiye da mil 600, da kuma abin da ya riƙe ƙofar nan a buɗe.

Ƙofar kuwa ita ce Funtuwa. A zamanin da, Maska ce babban garin wannan yanki, ta yi suna wajen saƙa da rini, Funtuwa kuwa ba a san ta da wani girma ba. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ta bi ta Zariya. An gama gadar Jebba a 1916, watau jirgi ya iya tasowa daga Kano ya sauka Ikko ba tare da an sauke kaya an ƙetare Kwara da su ba. A 1926 aka gama matsayar jiragen ruwa ta Apapa. Sa'an nan aka ja reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Kaura Namoda a 1929. Tun daga lokacin nan Funtuwa ta zama wa kudancin Katsina kamar yadda Ikko ta zama wa ƙasa duka: nan kaya ke taruwa, nan ake auna su, nan ake yanke musu kuɗi. Sarkin Maska da kansa ya koma can da zama. Wannan duka ya faru ne a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

Babban abin da ya kawo jirgi shi ne auduga. Masaƙun Lankasha a Ingila suna bukatarta, ba su kuwa so su dogara ga Amurka kaɗai. Domin haka suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902, ita ce ta gina gidan gurzar auduga a Zariya, daga baya kuma a Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Audugar gargajiya gajeren zare gare ta, ba ta dace da injinansu ba, sai aka kawo wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen. An buɗe gonar bincike a Samaru a 1922, kafin 1930 kuma aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Daga nan ake fitar da iri mai kyau, a rarraba wa manoma kyauta ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa.

To, ga yadda aikin yake tafiya a wancan zamani. Manomi ya karɓi iri, ya shuka da damina, ya tsinke da kaka. Ya ɗora wa jakinsa, ko ya ɗauka a kai, ya nufi kasuwar auduga wadda hukuma ta tsayar, gama doka ta hana a sayi audugar fitarwa sai a irin waɗannan kasuwanni. A can malamin auduga ya duba ta, ya raba mai kyau da mai datti, ya ba kowace darajarta. Sa'an nan a ɗora bisa sikeli, wakilin kamfani ya biya da sule da kwabo. Motoci da raƙuma da jakuna su kwashe zuwa gidan gurza, a raba ta da angurya, a matse ta dila dila, a loda wa jirgi sai Apapa, daga can sai Libaful. Bayan an gama tsinka kuma dole ne a tumɓuke karan auduga a ƙone, domin kada tsutsa ta kwana a ciki ta ɓata ta baɗi. Gyaɗa ma haka take bin hanyar nan cikin buhuna.

Amma kada a zaci manomin Faskari ba shi da zaɓi. Masaƙan Kano da na sauran garuruwa suna bukatar auduga su ma, sau da yawa kuwa sukan biya fiye da abin da Turawa ke biya. Shekarar da kuɗin kanti ya faɗi, sai fatake su kora jakuna arewa da ita, gidan gurza ya zauna yana jira. Wannan ya daɗe yana damun Turawan ciniki. Darasin da ke ciki a fili yake: talaka yana lissafi, inda ya ga gaskiya da riba can yake kai kayansa.

Garin kuwa ya cika ya batse. Kamfanoni suka kafa kantuna kusa da tasha, irin su John Holt da G. B. Ollivant da UAC, wadda aka haɗa a 1929 daga kamfanin Neja da wani takwaransa. Suna sayen auduga da gyaɗa da fatu, suna sayar da akoko da gishiri da kananzir da tasoshi. Yarbawa da Ibo da Nufawa suka zo, waɗansu akawuna, waɗansu teloli da kafintoci da direbobi, waɗansu ma'aikatan jirgi. 'Yan cin rani suka riƙa kwararowa daga arewa suna dako. Dillalai da 'yan baranda suka tsaya tsakanin kanti da manomi. Mata suka sami kasuwar abinci da fura da ƙuliƙuli. Gari irin wannan, wanda yawancin mutanensa baƙi ne ga juna, ba zumunta ke riƙe shi ba, sai hukunci da tsari.

A nan ne aikin En'e ya bayyana. Katsina tana cikin wuraren da aka fara kafa Baitulmali tun farkon sarautar Dikko, aka yanka wa ma'aikata albashi, aka daina barin kowa ya ci daga abin da ya karɓa. Daga haraji da jangali ake gyaran hanyoyin da ke kawo kaya tasha, a gina rumfunan kasuwa, a haƙa rijiyoyi, a biya 'yan doka da duba-gari da malaman asibiti. Haraji kuwa da kaka ake karɓarsa, lokacin da kuɗin auduga ke shiga hannu. Ashe ke nan sikelin kasuwa da akwatin ma'aji igiya ɗaya ta ɗaure su: idan an cuci manomi a wajen awo, Baitulmali ma ta ji a jikinta.

Ɗakin shari'a shi ne wurin da ake ganin lafiyar kasuwa ko ciwonta. Ƙararrakin da suka fi yawa a garin ciniki sanannu ne: wanda ya karɓi kuɗin kamfani domin ya sayo kaya ya kasa cikawa, manomin da ya ci bashi da damina a kan zai biya da auduga, wanda aka kama ya jiƙa kayansa ko ya zuba tsakuwa domin su yi nauyi, da mai awon da ya tauye. Alkali yana yanke hukunci, amma abin da magatakarda ya rubuta shi ne yake wanzuwa. Kalma guda idan ta karkace a littafi, gonar wani ta tafi. Saboda haka ƙaramin malami mai alƙalami ba ƙarami ba ne a wurin talaka.

An gwada wannan amana a shekarun wahala. Bayan 1929 kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin auduga da na gyaɗa suka zube, fara kuma ta auka wa gonaki a farkon shekarun 1930, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar kasuwa ba. Mutane da yawa suka sayar da hatsi da dabbobi domin su biya. A irin wannan lokaci ne ake gane ma'aikacin da ya kai wa na gaba da shi labarin gaskiya, da wanda ya rufe ido domin lissafinsa ya cika.

Zamani ya juya. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga, ta riƙa tsayar da kuɗi guda na shekara. A 1957 aka buɗe masaƙa a Kaduna, daga baya Funtuwa ma ta sami tata. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, a 1986 aka rushe hukumomin ciniki, a 1987 Katsina ta zama jiha. Jirgin Kaura Namoda ya yi rauni, manyan motoci suka ƙwace masa kaya. A 2024 kuwa aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a Funtuwa, domin ɗan kasuwa ya gama da kwastan a nan gida. Sunan da garin ya daɗe yana aikinsa, yanzu hukuma ta tabbatar masa.

Sai dai tasha ba ta cika da gini, sai da kaya, kaya kuwa daga gona suke fitowa. Kowa ya san abin da ɓarayin daji suka yi wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa, da ɗaruruwan 'yan makarantar da aka sace a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Manomin da ya ji tsoron zuwa gonarsa, ko ya ɗebe tsammanin samun gaskiya a kasuwa da kotu, ba zai kawo kome tasha ba.

Abin da magabata suka bari ke nan ga duk mai riƙe da littafi ko sikeli ko hatimi: hanya ta zama lafiya, awo ya cika, rubutu ya zama gaskiya, rasit ya isa hannun mai shi. Waɗannan huɗu su ne suka tayar da Funtuwa, su ne kuma za su tayar da ita karo na biyu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riƙe amanar nan, ya ba na baya ikon koyi da su.