Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyya na Tsauni

 

  

An ɗora mini nauyin yin magana a madadin malaman da suka koyar da waɗannan yara kimiyya har Allah ya ba su nasarar jarrabawar BAC. Godiya ta farko ta Allah ce. Ta biyu taku ce, iyaye, da kuka haƙura da hannun yaro a gona lokacin da aiki ya fi yawa, kuka sayar da akuya domin littafi, kuka aika da gero da ƙuli inda yaro ke zaman karatu. Da yawanku kun tare mu a kasuwa ko bakin masallaci kun tambaye mu: "Malam, wannan ilimin sinadarai da yaro ke kwana a kai, me zai yi mana?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma yau ce ranar amsa ta.

A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar man SORAZ a arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Ɗanyen mai yana zuwa mata daga Agadem ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460, an kuma gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Abin da ake yi a cikinta yana nan a littafin yaran nan. Ɗanyen mai gauraye ne na sinadarai masu yawa, kusan dukansu an gina su da kabon da haidurojin. Ana dafa shi har zafi ya kai wajen digiri 350, tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya wadda samanta ya fi ƙasanta sanyi. Kowane sinadari sai ya koma ruwa a matakin da ya dace da shi: mai nauyi a ƙasa, gazuwal a tsakiya, esansi sama da shi, gas ɗin girki a can ƙoli. Wanda ke zaune gaban na'urorin matatar yana lura da zafi da matsi, daga aji irin na yaran nan ya fara.

Mun kuma koya musu cewa duk sauyin da sinadari zai yi, ko dai ya fitar da zafi ko ya sha zafi. Itace in ya ƙone yana fitarwa. A masana'antar siminti ta Malbaza, dutsen farar ƙasa ba ya rabuwa da iskar da ke cikinsa sai an kai shi wajen digiri 900, don haka shi sha yake yi. Manomi ma ya san wannan da hannunsa: zuba takin yuriya a bokitin ruwa ka motsa, za ka ji ruwan ya yi sanyi. Wannan sani yana ceton rai. Yaron da ya fahimci cewa tururin esansi ne ke kama wuta tun kafin ashana ta taɓa ruwan man, ba zai ɗura kwalba kusa da murhu ba. Yarinyar da ta san gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da launi ba ta da wari, ba za ta bar kasko ya kwana a ɗakin mai jego da hunturu ba.

Shi kansa takin yana da tarihi. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin da gero da dawa ke buƙata, amma ba sa iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano hanyar haɗa shi da haidurojin a sami amoniya. Carl Bosch ya mai da hanyar ta masana'anta, aka fara aiki da ita a 1913, da zafi wajen digiri 450, da matsi mai tsanani, da baƙin ƙarfe mai gaggauta haɗuwar. Daga wannan amoniya ake yin yuriyar da muke saye da tsada. To ku dubi gonakinmu na Matameye da Magarya da Mirya, inda manoma suka bar gawo ya sake tsirowa har masana daga ƙasashen waje suka zo gani. A saiwar gawo akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo wannan naitirojin ɗin ba wuta ba inji, ganyensa kuma ya zuba ya zama taki. Ikon Allah ke nan. Kakanninmu sun san gero ya fi kyau a gindin gawo, yaran nan kuma yanzu sun san dalili, suna iya auna abin da gona ta rasa kafin a kashe kuɗin buhu.

Inda nake so in daɗe shi ne kan gyaɗa, domin ita ce tamu. Uwar da ta soya gyaɗa, ta niƙa, ta murza tunkuza da ruwan zafi har mai ya fito, aikin masana'anta take yi, mataki bayan mataki. Wadda ta tace ruwan toka ta dafa shi da mai ya zama sabulu, ta yi abin da littafi ya ba shi babi guda: alkali ya raba mai, ya bar gilisarin da sabulu. Majeman Damagaram da ke jiƙa fata da bagaruwa, da marina da ke tada baba da toka, duk a wannan fage suke. Abin da ya rage mana shi ne awo. In soda ta yi yawa sabulu ya ci fata, in ta yi kaɗan ya ƙi kamawa. In gyaɗa ba ta bushe sosai ba aka zuba ta a buhu, fumfuna ta kama ta ta bar wani dafi da ake kira aflatoksin, wanda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. Duniya ta farga da shi ne a 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. Tun daga nan manyan kasuwannin duniya suka ɗauki auna gyaɗa kafin saye. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna zamanin da Matameye ke da injin matsar mai, gyaɗa kuma tana cikin manyan abubuwan da Nijar ke fitarwa waje. Ba na shakkar cewa ƙungiyar mata ɗaya da ke da ɗan gari masanin awo za ta iya fitar da mai da ƙuli da sabulu waɗanda za su shiga kowane kanti ba kunya.

Ƴaƴana, hanya a buɗe take. Akwai jami'ar André Salifou a Damagaram, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta Abdou Moumouni a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan ɗan ƙasar nan da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Akwai makarantar EMIG ga masu son ma'adinai da masana'antu. Ku tafi ku yi karatu da gaske. Ku rubuta abin da awo ya nuna, ko da ya saɓa wa abin da kuke fata, domin wata rana lafiyar mutane za ta rataya kan lambar da kuka sa wa hannu. Da hutu kuma ku zauna da masu aikin gyaɗa da masu lambu, ku tambaye su cikin ladabi, ku saurara.

Roƙona biyu ne. Iyaye, ƴan matan da ke cikin wannan sahu sun yi jarrabawa ɗaya da maza, sun ci. Ku bar su su ƙarasa. Shugabanni da masu hali na garin nan, mafi yawan abin da na ambata a kan allo muka zana wa yara shi da alli, alhali gani ya kori ji. Muna roƙon ɗakin gwaji guda, da ma'aunin nauyi, da ma'aunin zafi, da kwalaben gwaji, da ruwan famfo, domin ƙannen waɗannan su taɓa da hannunsu.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.