Allon coci, bayan mota, da hoton da aka haɗa da waya



Yau maganar allunan coci za mu yi, waɗanda hotunansu ke yawo a Facebook da WhatsApp. A Amurka coci-coci da yawa suna da allo a bakin titi, mai haruffan da ake cirewa a sauya. Akwai wani sananne da ke cewa in kana son Yesu ka danna hon, in kuma kana son ka gamu da shi yau, ka ci gaba da latsa waya kana tuƙi. Wa'azi ne fa, amma sai ka yi dariya kafin ya shige ka.

To mu nan Bagudo ba baƙon abu ba ne, allonmu dai tafiya yake yi. Ka tsaya bakin hanyar Tsamiya ka karanta bayan manyan motocin da ke nufar Segbana ta ƙasar Benin. "Hassada ga mai rabo taki ce." "Ba a gasa da mai rabo." Shago kuma ya rubuta maka "Ba bashi yau, sai gobe", ka dawo gobe ka tarar rubutun bai canza ba. Ni wallahi wannan ya fi min na Turawan.

Abin da ya sa allon cocin nan ke da daɗi, masu cocin ne ke tsokanar mutanensu. Direba ma da kuɗinsa ya biya mai fenti ya rubuta a motarsa.

Amma fa ba duk hoton da kuke turawa ne na gaske ba. Akwai shafukan intanet da aka yi musamman don haka: ka rubuta abin da ka ga dama, su ɗora maka a jikin allon coci kamar gaske. Yanzu ka ɗauka wani ya rubuta ɓatanci ga Musulmi a irin wannan allo, ko ya liƙa wa ƙofar masallaci zagin Kirista, hoton ya faɗo guruf ɗin unguwarku. Illo, Lolo, Kaoje, Dandawa da Fulani da Zabarmawa da baƙi 'yan kasuwa, kasuwa ɗaya muke ci. Wanda ya haɗa hoton yana can ɗakinsa, mu ne za mu haɗu ranar kasuwa.

Ni dai in allon bai nuna sunan wurin da garinsa ba, kuma wasu yake tsokana ba nasa ba, a wayata yake tsayawa.